Waƙar Ubangida da Shafin Mai Kwangila: Sharhi a kan Haƙƙin Mallaka a Yarjejeniyar Ƙirar Shafin Intanet da Manhaja

Gabatarwa

Tambayar da wannan takarda ta ɗauko tsohuwa ce, sai dai wurin da take tasowa a yau ne sabo. Idan mutum ya sa wani ya yi masa aikin fasaha, ya kuma biya shi ladansa, to, aikin na wane ne? Na wanda ya zuba dukiya, ko na wanda ya zuba basira? A zamanin nan an fi jin wannan gardama tsakanin masu ƙirar shafin intanet da manhajar kwamfuta da waɗanda suke ba su kwangila, watau makarantu da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin gari da hukumomi. Mu kuwa ɗaliban adabin Hausa mun daɗe da sanin irin wannan ciniki a wani wuri dabam, watau a fada, inda makaɗi yake shirya waƙa domin ubangidansa, a ba shi doki da riga da damman hatsi, waƙa ta bazu da sunan sarki a cikinta, amma ba a taɓa jin wanda ya ce sarki ne ya yi ta ba.

Niyyarmu ita ce mu ɗora yarjejeniyoyin kwangilar nan, tare da dokar da ke bayansu, a kan ma'aunin waƙar fada ta ƙasar Isa da Sabon Birni, musamman waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Abin da muke da'awa shi ne, kalmar "mallaka" kamar yadda ake rubuta ta a takardun kwangila tana dunƙule abubuwa da yawa wuri guda, alhali kuwa fada, wadda ba ta ajiye takarda ko ɗaya a kan wannan sha'ani ba, ta san yadda ake rarrabe su. Akwai kuma inda ma'aunin fada ya gaza, za mu zo kansa.

Domin kada magana ta tsaya a iska, bari mu ƙaddara misali. A ce wata ƙungiyar ci gaban gari a Bafarawa, cikin Ƙaramar Hukumar Isa, ta tara kuɗi daga 'ya'yanta na gida da na Sakkwato da na Kano, ta nemi wani saurayi masanin kwamfuta ya gina mata shafi. A shafin za a zuba tarihin yankin, da hotunan dattawa, da waƙoƙin Narambaɗa kamar yadda aka same su a tsofaffin kaset, da matanin waƙoƙin wanda wani malami ya saurara ya rubuta. An yi ciniki da baki a gaban shaidu, kamar yadda ake cinikin sa a kara. An biya, shafi ya fara aiki. Bayan shekara biyu sai aka sami saɓani, ƙungiya ta so ta miƙa aikin ga wani. Saurayi ya ce shafin nasa ne, amfaninsa kawai suka saya. Ƙungiya ta ce ai abin da mutum ya biya kuɗinsa ya zama nasa, in ba haka ba me aka saya?

Kowane ɓangare yana magana ne kamar abu guda ake ja a kansa. Ga shi kuwa akwai waƙar ita kanta, akwai muryar da aka ɗauka a faifai, akwai matanin da malami ya rubuta, akwai hotuna, akwai fasalin shafin da launinsa, akwai rubutun manhaja da ke ƙarƙashinsa wanda mai ziyara ba ya gani, sa'an nan akwai sunan shafin, watau adireshinsa. Kowanne da mai shi, kuma waɗansunsu ba na ƙungiya ba ne, ba kuma na saurayin ba.

Abin da doka ta ce

Dokar Nijeriya ta taɓa sauya ra'ayi a kan wannan batu. Dokar soja mai lamba 61 ta 1970, wadda ta maye gurbin dokar Ingila ta 1911 da muka gada daga Turawa, ta goyi bayan ubangida ne: aikin da aka yi bisa kwangila, ko aka yi shi a bakin aiki, ana ɗaukar haƙƙinsa ya koma ga wanda ya sa aikin, sai fa in an yi yarjejeniyar saɓanin haka. Dokar soja mai lamba 47 ta 1988 ta juya al'amarin, ta ce haƙƙi yana farawa ne daga hannun maƙirƙiri, ko da kwangila aka ba shi, ko da ma'aikaci ne mai karɓar albashi, sai in an rubuta wani abu dabam. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta riƙe wannan asali a sashe na 28. Babbar togiyar da ta yi ita ce aikin da aka yi ƙarƙashin umurni ko kulawar gwamnati da ma'aikatunta da hukumominta, wanda haƙƙinsa ke komawa ga gwamnati in ba a yi wani sharaɗi ba. Sashe na 30 kuma ya ce miƙa haƙƙi ga wani, ko ba shi izinin da ya keɓanta gare shi shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Izinin amfani wanda bai keɓanta ba shi ne ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala.

Wani abin da zai ba malaman adabi sha'awa, ko dariya, shi ne doka ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan adabi, sahu ɗaya da littattafan Abubakar Imam. Saboda haka a misalinmu, shaidun ƙungiya ba za su amfane ta ba a kan rubutun manhaja. Tun da ba a rubuta kome ba, haƙƙinsa yana hannun saurayin, abin da ƙungiya ta samu izinin amfani ne. Mutumin Bafarawa da ya saba da cewa ciniki ya ƙare da an ce "Allah ya sa albarka" zai ga wannan hukunci baƙo ne ƙwarai. Amma in ya tuna da maɗinkinsa zai ga ba baƙo ba ne can can: riga ta zama tasa da ya biya, amma bai sayi aska takwas ba, gobe maɗinki zai ɗora ta a rigar wani.

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta ma'aikacin da aka ɗauki lokacinsa duka domin mutum ɗaya da mai sana'ar da ke karɓar aikin kowa, kamar maɗinki da marini, ko da yake abin da ya fi damun su a nan shi ne lada da lamunin kayan da suka salwanta. Batun haƙƙin ƙirƙira shi kansa ya sami hukunci bayyananne a zama na biyar na Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a Kuwait, cikin Disamba 1988, inda ƙuduri mai lamba 43 ya tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a take karewa. Ke nan ba za a ce maganar ba ta shafi wanda ke ciniki bisa shari'a ba.

Yadda fada ta raba waƙa

In an duba makaɗin fada da idon lauyan zamani, bara ne tsantsa. Ubangidansa ɗaya ne, shi ke ɗauke da ci da sha da suturarsa da ta iyalinsa, ba ya yi wa talaka waƙa, in kuwa zai je gaida wani sarki da kiɗa, da sanin ubangidansa zai tafi. A nan ya bambanta da makaɗin jama'a irin Mamman Shata, wanda ya yi wa sarki ya yi wa direba. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa hanya ce ta tabbatar da matsayin mutane, abin da ubangida ke biya kuwa shi ne a ɗaukaka sunansa a bainar jama'a. Da za a yi wa Narambaɗa hukunci da dokar 1970, ko da dokar Ingila ta yau game da ma'aikaci, da sai a ce duk abin da ya rera a fadar Isa na sarki ne. Mutanen Isa ba su taɓa fahimtar abin haka ba, dalili kuwa yana cikin ginin waƙar ita kanta.

Waƙar fada, kamar yadda manazarta irin su Sa'idu Muhammad Gusau suka fayyace, tana da gindi tana da ɗiya. Gindi shi ne ɗan guntun da ake buɗe waƙa da shi, ake kuma komawa gare shi bayan kowane ɗa. A nan ake ɗaure kirarin ubangida, da shi ake gane waƙar wane ce ake yi ko daga nesa aka jiyo ta. Wannan yanki na ubangida ne ta wata fuska mai ƙarfi. Makaɗi shi ya ƙaga shi, amma ba shi da ikon ya cire shi ya kai wa wani sarki, balle abokin hamayya. Da zai yi haka, da fadawa sun kira shi maci amana, da kuma kowane mai sauraro ya kama shi nan take, domin gindi ya riga ya zauna a kunnen jama'a da sunan mai shi.

Ɗiyan waƙa kuwa wani sha'ani ne. Ana gina su da tubalan yabo da zuga da zambo da habaici, da kirarin sarauta, da karin magana, da kwatanta sarki da giwa ko zaki ko bajimi ko gulbin da ya cika ya kawo. Waɗannan kaya suna yawo daga waƙa zuwa waƙa, daga bakin makaɗi zuwa bakin wani makaɗi. Wanda ya saurari Narambaɗa, ya saurari Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, zai ga rumbu ɗaya suke ɗiba, kowa da irin ɗibarsa. Babu sarkin da ya taɓa cewa tun da an kira shi giwa, to, an haramta kiran wani giwa. Da an yi haka da kiɗan fada ya mutu a ƙarni guda, gama makaɗi ba ya fara kowace waƙa daga sarari. Da abin da ya tara jiya yake gina ta yau.

Bayan gindi da tubali akwai abu na uku, shi ne hannun makaɗi: karin muryarsa, da yadda yake jera maganganu, da yadda yake tsayar da zance a kan bugun kotso, da irin hikimar da yake sarrafa karin harshen Gobir da Zamfara. Wannan ba ya sayuwa, ba ya kuma kyautuwa. Narambaɗa ya san haka sarai. A Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu, ya keɓe ɗiya yana wasa kansa, yana wasa waƙar tasa, yana fifita ta a kan ta sauran makaɗa, kuma duk a gaban ubangidan da ya ba shi abin da ya ba shi. Waɗansu sukan ɗauki wannan a matsayin alfahari irin na mawaƙa kawai. Mu a ganinmu ya wuce nan: sa hannu ne. Mawaƙin da ke rubutu yakan ambaci sunansa a baitocin ƙarshe, har ya saka ramzin shekara. Makaɗin baka ba shi da takarda, sai ya ɗinka sunansa a jikin waƙar yadda ba mai iya ɓanɓare shi ba tare da ya yage ta ba. Dabarar kuwa ta ci, domin har yau "Bakandamiyar Narambaɗa" ake cewa, kalmar ma ta shiga bakin Hausawa ta zama sunan duk aikin da ya fi sauran ayyukan mutum. Sarki ya sami abin da ya biya, tun da ba a rera ta ba tare da ambatonsa ba, makaɗi kuma bai rasa nasa ba. Abin da dokar 2022 ta tanada a sashe na 14, watau haƙƙin maƙirƙiri na a jingina masa aikinsa kuma kada a gurɓata shi ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, haƙƙin da ba ya barin hannunsa muddin yana raye, wannan shi ne Narambaɗa ya ƙwata wa kansa da baki.

Akwai kuma wata siffa ta waƙar baka da ta fi kusa da manhaja fiye da littafi. Waƙar fada ba ta ƙarewa. Duk ranar da aka rera ta ana iya ƙara ɗa, a sauke wani, a shigar da baƙon da ya zo fada ko abin da ya auku a makon. Abin da muke ji a kaset rerawar rana ɗaya ce tak. Haka shafin intanet yake: ana gyara, ana ƙari, ana sabunta manhajar da ke ƙarƙashinsa, har bayan shekara uku ya zama rabinsa ba wanda aka miƙa ranar farko ba ne. Yarjejeniyar da ta yi magana a kan "aikin da aka kammala" ta yi shiru a kan abin da za a ƙara gobe, ta bar ƙofar gardama a buɗe.

Shari'u biyu na Ingila da ɗaya ta Amurka

Kotunan Ingila, waɗanda hukuncinsu ba ya ɗaure alƙalan Nijeriya amma sukan yi la'akari da shi, sun iso kusa da wannan rabo ta doguwar hanya. A shari'ar Robin Ray da gidan rediyon Classic FM, ta 1998, an ɗauki Ray, masanin kiɗan Turawa, a matsayin mai ba da shawara, ya tsara musu kundin kaɗe-kaɗen da za su riƙa sanyawa. Gidan rediyon ya mai da kundin rumbun bayanai na kwamfuta, daga baya ya shiga sayar wa gidajen rediyon ƙasashen waje izinin amfani da shi. Kotu ta ce haƙƙi na Ray ne, kuma izinin da za a fahimta daga yarjejeniyarsu bai wuce abin da ya wajaba domin aikin da aka ɗauke shi ba, watau watsa shirye-shirye a gida. A shari'ar kamfanin Griggs da Evans kuwa, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2005, wani mai zane mai zaman kansa ne ya haɗa tambarin takalman Dr Martens, daga baya ya miƙa haƙƙin zanen ga wani kamfanin takalma na Ostareliya. A nan kotu ta ce a bisa adalci tambarin na wanda ya sa aikin ne, domin ba mai hankalin da zai biya a yi masa tambari sa'an nan ya yarda a kai wa abokin gasarsa. Mai nazarin waƙa ba zai sha wahalar gane abin da ya faru ba. Tambari gindin waƙa ne, kundin Ray kuwa hannun makaɗi ne.

Daga Amurka ne ake kwaso mafi yawan takardun kwangilar da matasanmu ke samu a intanet su canza suna su buga. A can dokar 1976 ta tanadi abin da ake kira aikin haya, inda ake ɗaukar wanda ya ɗauki ma'aikaci shi ne maƙirƙiri tun asali. Amma ko a can abin yana da iyaka. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin wata ƙungiyar taimakon marasa matsuguni ta birnin Washington da masassaƙi James Earl Reid, wanda ya yi mata wani sassaƙe ba tare da an rubuta kome a kan haƙƙi ba, ta ce shi ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikacinta ba. Aikin ɗan kwangila kuwa ba ya zama na haya sai ya faɗa cikin rukunai 9 da doka ta lissafa, kuma an rubuta haka. Wanda ya kwafo wannan lafazi ya liƙa a takardar da za a sa wa hannu a Sakkwato ya jingina da bangon da dokarmu ba ta gina ba.

Aibin takardun da ake rubutawa

Inda aka yi sa'a aka rubuta wani abu, lafazi iri biyu muka fi gani, kuma kowannensu yana da aibi. Na farko shi ne wanda mai kuɗi ke so, cewa duk abin da aka samar a wannan aiki, ba togiya, ya zama mallakarsa. Wannan daidai yake da sarki ya ce ya sayi giwa da zaki da karin magana. Mai ƙirar shafi yana da tubalansa da ya tara shekara da shekaru, kamar guntun manhajar da ke karɓar rajista, ko mai nuna hotuna, ko mai karɓar kuɗi, waɗanda ya riga ya sa a shafin wata makaranta, gobe kuma zai sa a na wani asibiti. In ya sa hannu a kan wannan lafazi, ko dai ya sayar da jarinsa a kuɗin aiki guda, ko kuwa ya yi alkawarin da ya san zai saɓa. Bugu da ƙari, galibin abin da ke ƙarƙashin shafin ba nasa ba ne balle ya bayar. Shafuka masu ɗimbin yawa an gina su ne a kan WordPress, wadda ta fito a 2003 ƙarƙashin lasisin GPL da Richard Stallman ya fara tsarawa a 1989. Lasisin nan ya yi kama da waƙafi mai sharaɗi: kowa ya ɗiba, kowa ya gyara, amma wanda ya rarraba abin da ya gyara tilas ya bar shi a buɗe bisa sharaɗin da ya same shi. Ba mai sayar da rijiyar waƙafi don ya ɗaura mata sabuwar igiya.

Lafazi na biyu shi ne na mai ƙira, cewa kome nasa ne, mai kwangila haya yake yi. Wannan kuma makaɗi ne yake cewa gindin waƙa nasa ne, ranar da aka ɓata zai tafi da shi. Tambarin ƙungiya, da fasalin da aka zana domin ita kaɗai, da tarihin da 'ya'yanta suka rubuto, da sunayen mambobinta da lambobinsu, ba su da wani amfani na halal a hannun saurayin bayan an rabu, sai dai ya riƙe su garkuwa.

Takardar da ta yi koyi da fada za ta miƙa wa ƙungiya, a rubuce, duk abin da aka ƙera domin ita kuma yake ɗauke da sunanta, ta ce miƙawar tana tabbata ranar da aka cika biya, domin shi ma mai ƙira ya tsira daga mai cin bashi. Za ta bar wa mai ƙira tubalansa, amma ta ba ƙungiya izini na dindindin ta yi amfani da su a shafinta, ta kuma sa wani ya gyara su in ta so, wanda hakan ba ya yiwuwa sai an ba ta asalin rubutun manhajar. Za ta ambaci kayan waƙafi da sunayensu, ta bar wa mai ƙira ɗan layinsa a ƙasan shafi inda sunansa yake. Shafi guda na takarda ya isa, kuma ba abin da ya hana a rubuta shi da Hausa.

Inda ma'auni ya gaza

Waƙa in ta fita daga baki ta fita ke nan. Ko makaɗi ya yi fushi ya bar gari, ba shi da ikon ya zare ta daga kunnen mutane, kuma ko yaran gari za su ci gaba da rera gindinta. Shafi ba haka yake ba, yana da makulli. Sunan shafi rajista ce da ake sabuntawa ana biya, ba dokar haƙƙin mallaka ke hukunta shi ba, kuma wanda sunansa ke cikin rajista shi ke da iko. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005. Sarautar Sarkin Gobir tana nan a Isa, tana nan a Sabon Birni, tana nan a Tsibiri cikin Jamhuriyar Nijar, kowa ya san wanda ake nufi da an ambaci gari. Amma adireshin intanet ba ya ɗaukar mutum biyu. Abin da aka saba shi ne saurayi ya yi rajista da sunansa da adireshinsa na imel, don sauƙi, ya kama hayar kwamfutar da za ta ɗauki shafin da katin bankinsa, kalmar sirri kuma tana kansa. Ko da kotu ta ce ƙungiya ce ke da gaskiya, kafin a gama shari'a shafi ya daɗe da rufewa.

Ga mutanen wannan yanki abin ya fi tsanani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda matsalar 'yan bindiga, ga kuma ƙauyuka da dama da mutanensu suka watse. A irin wannan hali, kaset da hoton da aka kwafa aka ɗora a shafi mai yiwuwa ne su zama su kaɗai suka rage. In wa'adin rajista ya cika, sanarwa ta tafi ga wanda aka riga aka ɓata da shi, asarar ta wuce ta kuɗin kwangila. Saboda haka muna ganin sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a takardar ba ma na haƙƙin mallaka ba ne: a yi rajistar suna da hayar ma'ajiya da sunan ƙungiya tun ranar farko, makulli ya kasance a hannun mutum fiye da ɗaya, kuma a ajiye kwafin kome a wani wuri.

Gazawa ta biyu ta fada ce ita kanta, kuma bai kamata son da muke yi wa waƙoƙin nan ya rufe mana ido ba. Rabon da muka yaba tsakanin sarki da makaɗi ne, bai sauko kan 'yan amshi ba. A kiɗan fada 'yan amshi ba maimaici kawai suke yi ba, suna ƙari, suna tarbe, suna rakiya, sau da yawa jagora yakan ɗauko zance su su ƙarasa shi. Suna samun rabonsu na kyauta, wani ya kai matsayin Daudun Kiɗi, wani ma ya zama jagora daga baya, kamar Ɗanƙwairo da ya fara da amshi a gidansu. Amma waƙa sunan jagora take ɗauka. A nan dokar zamani ta fi fada adalci, ta kuma ɗana wa saurayinmu tarko. In abokinsa ne ya zana tambari, ƙanensa ya rubuta wani yanki na manhaja, to, bisa sashe na 28 kowannensu yana riƙe da haƙƙin abin da ya yi muddin ba su miƙa masa a rubuce ba. Ke nan ko ya sa wa ƙungiya hannu da kyakkyawar niyya, ya miƙa abin da bai gama mallaka ba. Haka malamin da ya rubuta matani da mai hoton da ya ɗauki dattawa.

Saura waƙoƙin su kansu. Doka tana kare aikin adabi da na kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, ɗaukar murya a faifai kuwa shekara 50. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, saboda haka wa'adin duk faifan da aka fitar a zamaninsa ya riga ya cika, amma bisa wannan lissafi na waƙoƙin ba zai cika ba sai farkon shekarun 2030, haƙƙin kuwa dukiya ce da ake gada. Kirarin sarauta da karin maganar da ke cikinsu kuma sun faɗa ƙarƙashin abin da doka ta kira al'adun gargajiya, waɗanda izinin kasuwanci da su ke hannun Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. A ɗa guda na waƙa ana iya samun na magada da na al'umma a sarƙe da juna. Takardar da ke tsakanin ƙungiya da saurayi ba za ta warware wannan ba, gama waɗanda abin ya shafa ba su cikin masu sa hannu. Sai dai ƙungiya ta tura wakilai Isa da Tubali su gana da zuriyar makaɗin da ta ubangidansa, su nemi yardarsu, su kuma tambayo dattawa sunayen waɗanda suka yi masa amshi da kiɗa, domin a rubuta su ƙarƙashin kowace waƙa kafin a ɗora ta a shafi.